Zoɓo, Kunun Aya Ko Lemon Kwalba: Wanne Ya Dace Da Mai Hawan Jini?

Wataƙila ka taɓa cin karo da rubutu a intanet cewa jar giyar inabi tana gyara zuciya. Ka yi watsi da shi. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na giya, komai ƙanƙantarsa, da ba ya cutar da jiki.

Jan abin sha mai amfani yana nan a kasuwar Birnin Gwari: zoɓo. Bincike ya nuna yana ɗan rage hawan jini, amma ɗan kaɗan ne, ba ya maye gurbin maganin asibiti. Matsalarsa suga. Ka ɗanɗana: zoɓo nagari tsaminsa ke fara bugun harshe, sai yajin citta da kanumfari. Idan zaƙi ya danne tsamin, an cika masa suga. Gara a haɗa maka a gida. Mai juna biyu ta tambayi likita tukuna.

Kunun aya da dabino da kwakwa akwai daɗi, sai dai ba ya jure zafi. Manomi ko mai haƙar zinare da ya tafi daji da shi da safe, kafin la'asar zai iya lalacewa. In ya yi tsami ko kumfa, zubar da shi.

Lemon kwalba kuwa, roba ɗaya ta santilita 50 kan ɗauki suga kusan giram 50, wato iyakar abin da hukumar ta ba babban mutum a yini guda. Mai ciwon suga ya haƙura da shi.