Sayen ƙwan ƙyanƙyasa daga nesa: abin da za ka tambaya kafin ka tura kuɗinka

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a jihar Maraɗi. A ƴan shekarun nan tambayoyin kaji sun fara kamo na shanu da awaki a wurin aikina, kuma wadda ta fi yawa ita ce: "Malam, na ga ana tallar ƙwan kaji manya a WhatsApp, in saya?" Mai talla yana Yamai ko Kano ko Kwatano, ya nuna hoton zakara kamar talotalo, ya ce ka tura kuɗi ya saka maka ƙwan a mota. Kaɗan ne ke bi ta gidan waya. Akasari kwali ne ake bai wa ofishin saƙo na motocin sufuri, ko direban motar kasuwa.

A bazarar bara wani gungun mata da nake bi a wani ƙauye sun fasa asusunsu suka sayi kiret biyu, ƙwai 60, daga Yamai. Sun saka a injin ƙyanƙyasa mai aiki da sola. Bayan kwana 21 ƴan tsaki 11 suka fito. Shugabar gungun ta ce mini: "Ɗana, ko injin ne ba shi da kyau?" Na duba injin, lafiyarsa lau. Da muka fasa baragurbin da ya rage, kusan rabinsu ba su taɓa fara komai ba, sauran kuma sun mutu tun kwanakin farko. Ƙwan ya lalace kafin ya shigo ƙauyen. Shi ya sa na ga ya dace in yi wannan bayani.

Ƙwai mai zakara abu ne mai rai

Lokacin da kaza ta saka ƙwan da zakara ya bi, ɗan tsakon ya riga ya fara, ɗan ɗigo ne fari a bisa gwaiduwa. In ƙwan ya huce, girman ya tsaya yana jiran ɗumin kwanci. Abu uku ke kashe shi a wannan jira.

Na farko zafi. Wurin ajiye ƙwan ƙyanƙyasa ya fi kyau ya kasance tsakanin digiri 12 zuwa 18. Da zarar zafi ya haura 21 zuwa 24, ɗan tsakon yana fara motsi ba bisa ƙa'ida ba, ya girma kaɗan, ya tsaya, ya raunana. A watannin Afirilu da Mayu zafin inuwa a Maraɗi, Damagaram da Tawa yana wuce digiri 40. Kwalin da aka ɗaure a saman mota ko aka tura ƙasa kusa da inji yana shan abin da ya fi haka, kuma daga Yamai zuwa Maraɗi tafiyar sama da kilomita 600 ce.

Na biyu daɗewa. Ƙwan da bai wuce kwana 7 ba shi ne ƙwan ƙyanƙyasa. Bayan mako ɗaya kowace rana tana rage yawan abin da zai fito, ko da an ajiye shi a wuri mai sanyi. Mai kaji 10 ba zai tara maka ƙwai 60 cikin kwana biyu ba. Ya ɗauki kwanaki yana tarawa, sannan a ƙara kwanan hanya, a ƙara kwanan da kwalin ya yi a tasha kafin ka samu mai karɓo maka.

Na uku girgiza. A kan ƙwai mai faɗi akwai gurbin iska. Daga nan ɗan tsako yake shaƙar numfashinsa na farko kafin ya fasa ɓawo. Ramukan hanya suna ɓanɓare fatar da ta riƙe gurbin, iskar ta riƙa yawo cikin ƙwai. Suna kuma yin tsaga siririya a ɓawo wadda ido ba ya gani, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga.

Saboda haka ƙwan gida mai kyau yana iya ba ka 8 cikin 10, amma ƙwan da ya sha hanya in ka samu rabi ka gode Allah. Yi lissafinka da wannan. Misali kawai: a ce ka sayi ƙwai 60 a kan dala 60 kowane, jaka 18 ke nan. In 30 suka fito, kowane ɗan tsako ya tsaya maka dala 120, ban da kuɗin mota da na waya. Gwada wannan da kuɗin ɗan tsako ɗan kwana ɗaya, ko da kuɗin zakara guda mai kyau da za ka saka cikin kajinka. Sau da yawa zakaran ya fi riba.

Tambayoyi biyar ga mai sayarwa

Sayen ƙwai ta hoto sayen kifi a ruwa ne. Abin da ke rage hatsarin shi ne tambaya.

1. Zakaru nawa ne, kaji nawa? Zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10 shi ne daidai. Ka ce ya ɗauki bidiyon garken a ranar, ya ambaci sunanka a ciki. Ka sani kajin gona masu ƙwai, irin su Isa Brown, ana kiwon su ba zakara, suna saka ƙwai kullum amma ƙwan ci ne. Ko shekara ya yi a inji ba abin da zai fito.

2. Yaushe aka saka ƙwan? Mai sana'ar gaskiya yana rubuta kwanan wata da fensir a bisa kowane ƙwai. In ya ce "duk sabo ne" bai ba ka rana ba, yi hattara.

3. Wane iri ne? Akwai kajin da kamfani ya haɗa daga iri biyu ko fiye, kamar Noiler ta Najeriya. In aka haɗa Noiler da Noiler a gida, ƴaƴan ba za su fito duka kamar iyayen ba, wasu manya wasu ƙanana. Goliyat da ake kawowa daga Benin ita ma girmanta ya danganta da garken da aka ɗauko da irin abincin da za ka iya ba ta. Kaza babba cikinta babba ne, tsince-tsincen tsakar gida ba ya isar ta.

4. Wane rigakafi aka yi wa iyayen, kuma ko an yi mace-mace a garken kwanan nan?

5. In na haska a kwana 7 na ga yawanci babu komai, mene ne tsakaninmu? Ku yi wannan magana kafin kuɗi ya fita, a rubuce ko a saƙon murya da za ka ajiye.

Karo na farko kar ka wuce kiret ɗaya. In kuɗin ƙungiya ne, a yanke shawarar a taro, kowa ya ji cewa rabi ake sa rai, don kar a zargi ma'aji daga baya.

Cutar da ke zuwa tare da ƙwai

Wannan ya fi asarar kuɗi damuna. Akwai cututtukan da uwa ke sa wa cikin ƙwai tun kafin ɓawo ya rufe. Ɗaya ita ce cutar farin zawo ta ƴan tsaki, wadda likitoci ke kira fuloram: tsaki ya takure, farin kashi ya manne masa a gindi, su yi ta mutuwa cikin mako biyu zuwa uku na farko. Waɗanda suka tsira suna ɗauke da ita, su ma su sa wa ƙwansu. Ta biyu ita ce murar kaji mai daɗewa, mai kawo atishawa da kumburin ido. Ita ma tana bin ƙwai.

Cutar Newcastle da murar tsuntsaye kuwa sun fi biyo kashin da ke jikin ɓawo, da kiret, da kwali. Manyanmu sun tuna shekarar 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta bayyana a Magarya, kusa da iyaka, aka kashe kaji da yawa don tare ta. Don haka in ƙwai zai ƙetaro iyaka, sai da takardar likitan dabbobi, kuma ka fara tambayar ma'aikatar kiwo ta yankinka ko akwai hani a lokacin. Kiret na takarda da kwalin da ƙwai ya zo ciki a ƙone su, kar a ajiye kusa da akurki.

Yadda za a shirya kwalin

Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin aiken ƙwan kaji. A tsakiyar bazara ina ba mutane shawara su haƙura. Ka roƙi mai sayarwa ya jera ƙwan tsini ƙasa, kai mai faɗi sama, ya naɗe kowane da takarda, ya cike duk wani gurbi da ɓuntun shinkafa ko dusar katako busasshiya, har in an girgiza kwalin ba abin da ke motsi. A rubuta "ƙwai" da alamar sama. Abin da ya fi duka shi ne a samu matafiyi da ka sani ya riƙe kwalin a cinyarsa cikin motar da ke tashi da asuba. Ka san lokacin isowar motar, ka je ka tare ta. Kwana ɗaya a ɗakin ajiyar tasha mai rufin kwano ya isa ya gama da kiret guda.

In ƙwan ya iso

Kar ka saka shi a inji ko ƙarƙashin kaza nan take. Jera shi tsini ƙasa a wuri mai sanyi na awa 12 zuwa 24, cikinsa ya natsu. In ba ka da ɗaki mai sanyi, saka ƙaramar tukunya cikin babbar randa, ka cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ka rufe da tsumma mai laima, ba tare da ruwa ya taɓa ƙwan ba. Kar a saka a firji, sanyinsa ya yi yawa.

Kar a wanke ƙwai. A bisa ɓawo akwai wani siririn shafi da ke toshe ƙofofinsa, ruwa yana cire shi. Mai ƙazanta sosai a cire shi a ci. Wannan ya shafi ƙwan zabi na kasuwa, wanda ake tsoma shi a ruwa don a ga mai kyau: gwajin ci ne, ƙwan da aka tsoma kar a kai shi kwanci.

Da dare ka haska kowane ƙwai da tocila ta cikin bututun takarda. Mai tsaga ka cire. Wanda iskarsa ke yawo ka yi masa alama, a inji ka ajiye shi a tsaye, kana karkata shi kawai hagu da dama. Sannan ka fasa biyu ko uku a faranti ka dubi farin ɗigon da ke bisa gwaiduwa. In ya yi kamar ɗan zobe mai faɗi, zakara ya bi. In ɗan tabo ne ƙarami marar siffa, babu. In duka ukun babu, kira mai sayarwa a daren.

Ga wata dabara da nake koya wa ƙungiyoyi: ku saka ƙwan kajin gida 10 sababbi tare da na saye, ku bambanta su da fensir. In na gida suka fito na saye suka ƙi, injin ba shi da laifi. In duka suka ƙi, a duba inji da mai kula da shi. Da gungun matan nan sun yi haka, da ba su yi mako biyu suna gardama da junansu ba.

Kwanci

Inji mai fanka yana son digiri 37.5 zuwa 37.8. Ku sayi ma'aunin zafi na asibiti ku gwada da shi, don lambar da inji ke nunawa ba kullum take gaskiya ba. Laima kashi 50 zuwa 55 cikin 100 har kwana 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Lokacin hunturu iska ta bushe ƙwarai, farantin ruwan inji kar ya taɓa ƙafewa. A juya ƙwai sau 3 ko 5 a yini, a daina a kwana 18, daga nan kuma a bar buɗe inji. In wuta tana ɗaukewa a garinku, tanadi batir kafin ƙwai ya iso. In ta ɗauke ba shiri, rufe injin da bargo, kar a buɗe.

A kwana 7 a sake haskawa. Mai rai za ka ga jijiyoyin jini kamar saƙar gizo. Mai zoben jini ya fara ya mutu. Wanda yake garau babu komai. Ɗauki hoto ka tura wa mai sayarwa, ka cire marasa rai don kar su ruɓe su fashe a bisa sauran. Ƙwan zabo ɓawonsa ya fi kauri, a jira kwana 10. Kaza tana fitowa a kwana 21, zabo 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwar gida mai jan fuska 35.

Wanda ba shi da inji, kazar gida mai kwanci ta fi inji marar tabbas. Ka jira ta kwanta sosai kwana biyu a bisa ƙwanta kafin ka yi odar, ka musanya da dare, kar ka ba ta fiye da 10 zuwa 12. Haka iyayenmu suke ƙyanƙyasar zabi tun da can, da damina lokacin da zabi ke saka ƙwai, kuma ƙwan zabin maƙwabcinka da ka san garkensa ya fi wanda ya sha rana a kasuwa uku.

Bayan sun fito

Ƴan tsakin da suka zo daga wani garke a ware su daga sauran kajin gida aƙalla mako uku. Su samu ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35 a makon farko, da ruwa mai tsabta, da abincin tsaki. Ka kira ma'aikacin kiwo ko mataimakin likitan dabbobi na ƙauyenku tun makon farko ya tsara muku rigakafin Newcastle da na Gumboro. In ka ga farin zawo da mace-mace, kar ka tsaya sayen magani a tebur, ka sanar da mu, kuma waɗanda suka tsira a kiwata su don nama, kar a bar su su zama iyaye.

Matan nan sun sake gwadawa a watan Disamba. Kiret ɗaya suka saya daga wani mai kaji a cikin jiharmu wanda biyu daga cikinsu suka je suka ga garkensa, ɗan shugabar ya riƙo kwalin a mota, suka haɗa da ƙwan gida 10. Na saye 21 suka fito cikin 30, na gida 8. Yanzu zakarun da suka tashi daga nan suna cikin kajin membobi, kuma maƙwabta sun fara zuwa sayen ƙwai a wurinsu, kowane da kwanan watansa a rubuce.

Mai tambaya ya same mu a ma'aikatar kiwo ta yankinsa, ko ya kawo ta ranar taron ƙungiya. Allah ya sa albarka a kiwonmu.