Bayan saki, wa zai biya kuɗin jami'a?

Idan aure ya mutu aka je gaban alƙali, abin da ake yanka wa uba shi ne kuɗin ciyarwa na wata-wata, wani lokaci a haɗa da na magani da na makaranta. A lokacin yaran suna firamare, ba wanda ke tuna jami'a. Sai an shekara goma, yaro ya ci JAMB, a kira uba ya ce, "Ai ya girma, na sauke nauyina."

Maganarsa ba ta rasa madogara ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a ke bi a Arewa, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, in dai lafiyayye ne mai iya nema. Ita kuwa 'ya mace tana wuyansa har ta yi aure ta tare, kamar yadda ya zo a Risala. Ke nan ɗalibar jami'a marar aure tana da hujja mai ƙarfi, amma yayanta namiji tasa da rauni, duk da cewa malaman Hanafiyya sun sa mai neman ilimi cikin waɗanda uba zai ci gaba da ɗauka. Masu auren rajista kuma dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke kansu: kotu ba ta yanka kuɗin kula da wanda ya kai shekara 21 sai da dalili na musamman. To, wanda ya shiga karatun likita yana ɗan 18, shekara shida ke gabansa, ban da yajin aikin ASUU.

Saboda haka uwa, ko waliyyinta, kada ta tashi daga zaman sulhu da "in sha Allahu zan yi" kawai. A rubuta cewa uba zai ɗauki karatu har digirin farko, a fayyace kuɗin rajista, na ɗakin kwana, na abinci da na mota, a kuma yarda za a riƙa duba adadin, domin dubu goma ta bana ba ta baɗi ba ce. Sannan a kai takardar kotu ta zama hukunci, don ta gaban mai unguwa ko Hisbah kaɗai wuyar tilastawa gare ta.

Wasu iyayen yanzu suna fakewa da bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Bashi ne, yaron zai biya da guminsa, kuma ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ake ba.

Wadda aka riga aka yanke mata hukunci tun yara suna ƙanana tana iya komawa kotun ta nemi ƙari, ta tafi da takardar samun gurbi da rasit na makaranta. In ba ta da kuɗin lauya, akwai Legal Aid Council da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.