The Lion King: Me Ya Sa Katun Ɗin 1994 Yake Zaunar Da Uba Da 'Ya'yansa Wuri Guda?

Ranar Lahadin da ta wuce ruwan sama ya tsare mu a gida a nan Agege. Ba fita kasuwa, ba zuwa ƙwallo, yara sai tsalle suke a kan kujeru. Na ɗauko waya na haɗa da talabijin, na kunna musu The Lion King, tsohon nan na 1994. Niyyata su yi shiru in samu in ɗan runtsa. Ban runtsa ba. Uwargida ma da ta leƙo da faranti a hannu, tsayawa ta yi a bakin ƙofa, daga baya ta nemi wuri ta zauna.

Da aka zo inda Mufasa ya mutu, ɗansa yana ta zungurar gawar ko zai tashi, sai autana mai shekara shida ya juyo ya ce, "Abba, kai ma za ka mutu?" Wallahi sai da na yi ɗan jim kafin na samu abin faɗa. Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubuta wannan bayani, don na san iyaye da yawa a Legas, Ibadan, Shagamu ko Fatakwal suna kunna wa yara katun ba tare da sun san me ke ciki ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, labarin a taƙaice shi ne: Mufasa zaki ne, sarkin dawa. An haifa masa ɗa mai suna Simba, wanda zai gaje shi. Ƙanin sarki, Scar, yana son sarauta, sai ya haɗa kai da kuraye ya kashe wansa, ya kuma sa wa yaron a rai cewa shi ne sanadin mutuwar ubansa. Simba ya gudu ya bar ƙasar. A can wani daji Timon da Pumbaa suka tsince shi ya kusa mutuwa, suka raine shi. Ya girma cikin jin daɗi yana ƙoƙarin mance abin da ya baro, har ranar da ƙawarsa ta ƙuruciya, Nala, ta same shi ta gaya masa ƙasarsu ta lalace. Daga ƙarshe ya koma ya fuskanci baffansa.

Kamfanin Disney na Amurka ne ya fitar da fim ɗin a watan Yunin 1994, Roger Allers da Rob Minkoff suka ba da umarni. Tsawonsa minti 88 ne. Abin mamaki, a cikin kamfanin ba a ɗora masa buri sosai ba. Manyan masu zane da yawa sun zaɓi su yi aikin Pocahontas, wanda ake ganin shi ne zai yi suna. Sai ga shi fim ɗin zakin ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a wannan shekara, sama da dala miliyan 700. Ya kuma ci kyautar Oscar guda biyu, ɗaya ta kiɗan Hans Zimmer, ɗaya ta waƙar da Elton John da Tim Rice suka yi.

Kafin a fara zane, a 1991, wasu daga cikin ma'aikatan sun je Kenya, har gandun dajin Hell's Gate, don su ga yadda fili da duwatsu da sararin sama suke. Shi ya sa sunaye da dama na harshen Swahili ne: Simba na nufin zaki, Rafiki kuma aboki. Muryar nan mai ƙarfi da ke buɗe fim ɗin lokacin fitowar rana ta Lebo M ce, mawaƙin Afirka ta Kudu, da harshen Zulu yake rerawa. Yawancin zanen da hannu aka yi shi. Amma wurin turmutsutsun dabbobin nan masu kama da ɓauna, inda Mufasa ya halaka, da kwamfuta aka haɗa shi, kuma ya ci sama da shekara biyu ana aiki a kansa, alhali bai kai minti uku ba.

To me ya sa yake kama babba da yaro lokaci guda? A nawa ganin, labari biyu ne aka saƙa a cikin ɗaya. Yaro yana kallon dabbobi masu magana, yana dariyar Pumbaa da tusarsa, yana bin waƙa ko da bai san ma'anarta ba. Babba kuwa rikicin gado yake kallo. Wa da ƙani, sarauta, hassada, maraya da aka cuta. Waye a cikinmu bai san gidan da ya watse a kan gado ba? Masu fim ɗin da kansu sun ce sun ɗauki haske daga Hamlet, wasan kwaikwayon Shakespeare na Ingila, inda ƙanin sarki ya kashe wansa ya hau gadon mulki. Ka ga ashe abin da ya riƙe manya a gidan wasa ɗaruruwan shekaru ne aka sa wa fatar zaki.

Na biyu, fim ɗin bai ɓoye wa yaro mutuwa ba. Katun da yawa, idan dutse ya faɗo wa mutum a ka, zai miƙe ya ci gaba da gudu. A nan Mufasa ya faɗi bai tashi ba. James Earl Jones, wanda ya yi muryarsa kuma shi ma ya rasu a 2024, ya ba shi murya irin ta uba mai faɗa da tausayi a haɗe, don haka rashinsa yana taɓa mai kallo. Yaro ya ga tsoron da ya fi kowane tsoro a wurinsa, amma yana zaune kusa da iyayensa. In akwai babba a wurin, tambaya za ta fito, a amsa masa. In shi kaɗai ne da waya a ɗaki, da abin zai kwana.

Na uku, tsarin labarin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Mun tashi da tatsuniyar zaki sarkin dawa, da kura mai kwaɗayi da wauta. Kurayen fim ɗin kamar daga bakin kakata suka fito. Har ma wasu masu binciken dabbobi sun yi ƙorafi cewa an ɓata wa kura suna, don a zahiri tana farauta da kanta, ba mushe kaɗai take jira ba. Mu dai mun riga Disney yi mata wannan sharri.

Sai abin da ya fi taɓa ni, a matsayina na wanda ya shekara 20 a Kudu. Simba ya girma a ƙasar da ba tasa ba. Ya koyi cin abincin masu masaukinsa, ya ɗauki zancensu na "hakuna matata", wato babu damuwa. Ba mugaye ba ne, su suka ceci ransa, kuma ranar faɗa sun bi shi har gida sun tsaya masa. Matsalarsa ita ce ya yi amfani da daɗin baƙunta ya rufe abin da ke kansa. Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo a Arewa, na yi ta cewa sai na gama haɗa kuɗin wannan kaya, sai bayan sallah. Ranar da na isa, an riga an kai shi. Don haka idan Rafiki ya ƙwala wa Simba sanda a ka don ya tuna ko shi waye, yara dariya suke yi, ni kuwa shiru nake.

Ban ce kowa ya tattara ya koma gida ba. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu nan aka haife su, nan ne gidansu, Yarbanci da Burokin sun fi Hausa zama a bakinsu. Abin da nake cewa shi ne su san inda aka fito da wanda ke da haƙƙi a kansu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Ga abin da na gwada, wataƙila ya yi wa wani amfani. Kada a bar yaro ƙasa da shekara biyar ko shida ya kalla shi kaɗai, don wurin mutuwar da faɗan ƙarshe suna da ban tsoro. A riƙa tsayar da fim ana fassara musu da Hausa. Ni na mayar da shi darasin sunayen dabbobi: Pumbaa gadu ne, Zazu cilakowa, Timon ɗan uwan tunku, ga giwa, raƙumin dawa, jakin dawa, barewa. Babbar 'yata mai shekara 11 ba ta taɓa jin kalmar cilakowa ba sai ranar. Akwai kuma wurin da Mufasa ya bayyana a cikin gajimare yana yi wa ɗansa magana, da batun cewa sarakunan da suka mutu suna kallo daga taurari. Na gaya musu wannan tatsuniya ce irin ta masu fim, wanda ya rasu addu'a ake yi masa.

Idan za ku nema, ku lura akwai iri biyu. Akwai na 1994 mai zanen hannu, akwai wanda Jon Favreau ya sake yi a 2019 da dabbobi kamar na gaske. A na biyun, Chiwetel Ejiofor, ɗan wasan Birtaniya da iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya yi muryar Scar. Kundin waƙoƙin da Beyoncé ta fitar tare da shi kuma akwai Burna Boy, Wizkid, Tiwa Savage da Yemi Alade a ciki. Ni dai tsohon na fi so wa yara, saboda zane yana nuna tsoro da kunya da baƙin ciki a fuskar zaki, abin da zakin gaske ba ya iya nunawa.

Amsar da na ba autana kuwa ba doguwa ba ce. Na ce masa, "E, kowa zai mutu, amma Allah kaɗai ya san ranar. Yau dai ga ni nan tare da kai." Ya matso ya jingina da ni muka ƙarasa kallo. Da dare ya yi, sai ya tambaye ni sunan babana, da ko shi ma yana da faɗa kamar Mufasa. Shekara shida yaron nan yana gidana ban taɓa ba shi labarin kakansa ba. Daren nan na ba shi, kuma mun yi alkawari idan aka yi hutun makaranta za mu hau mota mu je ya ga gidan da aka haife ni.