Masoyi Ko Ɗan Kallo? Ƙwallo, Waƙa Da Littafin Almara A Hannun Magoya Baya

A ofisoshinmu da asibitocinmu da jami'o'inmu akwai manyan mutane, masu muƙami har da furfura, waɗanda idan ƙungiyar Arsenal ta sha kashi ranar Asabar ba a gane kansu sai an kai hantsin Litinin. Akwai lauyan da ya haddace waƙoƙin Michael Jackson tun yana makarantar sakandare, har yau kuma su ne abokan tafiyarsa a mota in ya tabbata gilashi a rufe yake. Akwai likitar da ta karance littattafan Harry Potter guda bakwai, wasu ma sau biyu, amma in hira ta biyo ta kansu sai ta ce ai na yara ne ta saya. Kowannensu yana ɓoye sha'awarsa kamar mai ɓoye ciwo, domin a wajenmu babba ba ya zumuɗi, kuma duk abin da ba ya kawo kuɗi ko lada shiririta ne.

A ganina babu abin kunya a cikin wannan sha'awa. Mutumin da ya riƙe ƙungiya guda fiye da shekara 20 bayan 2004 ba ta ɗauki kofin Firimiya ba, ana yi masa tsiya a majalisa kowane mako bai sauya sheƙa ba, ai ya nuna wani irin riƙon amana da muke nema ruwa a jallo a fagen siyasarmu. Abin kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kafin a san akwatin talabijin, kakanninmu sun yi tattaki daga gari zuwa gari bayan kaka don kallon dambe, sun rabu gida-gida, wannan na Shago, wancan na Ɗandunawa, kuma har gobe a gidajen dambe ana jan daga tsakanin Kudu da Jamus da Guramaɗa. Abin da ya kamata masu karatu mu tsaya mu duba shi ne inda wannan ƙauna take zuba, da abin da take haifarwa a inda ta zuba.

A tsarinmu na da, mai fasaha ubangida yake da shi. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo da ire-irensa suna da fadojinsu, kuma doki da riga da hatsi daga hannun mutum guda suke fitowa. An sami waƙoƙi na ƙwarai a wannan tsari, babu mai musu, sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin fada ba ya faɗin abin da fada ba ta so. Abin da zamani ya zo da shi shi ne wani sabon ubangida mai kawuna dubu: jama'a masu yawa, kowa ya ba da ɗan abin da ba zai gagare shi ba, kuɗin tikiti ko na faifai ko na littafi, har ya taru ya riƙe mai fasaha, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya kira shi gida ya yi masa iyaka. Wannan shi ne masoyi. Bambancinsa da ɗan kallo kuwa shi ne, masoyi yana biya, yana kuma da murya.

Wanda yake son ganin ƙarfin wannan murya ya tuna watan Afrilun 2021. Manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka sanar da kafa wata gasa tasu ta kansu, wadda masu ita ba sa faɗuwa ko da sun yi ta shan kashi, abin da ya kawar da ainihin daɗin ƙwallo ke nan. Attajiran da suka ƙulla abin sun riga sun gama lissafin biliyoyinsu. Magoya baya a Ingila suka fito titi, na Chelsea suka cika ƙofar filinsu har suka hana motar 'yan wasa wucewa, kuma kafin a cika kwana uku ƙungiyoyin Ingila shida duk sun janye, wasu masu su har da ba da haƙuri. Real Madrid da Barcelona, waɗanda samarinmu ke kwana musu a kansu, mallakar mambobinsu ne, su ke zaɓen shugaba da ƙuri'a. A Jamus kuwa ƙa'ida ce cewa rinjayen ƙuri'a a yawancin ƙungiyoyi yana hannun mambobi, komai kuɗin mai zuba jari.

A fagen waƙa ma an ga irin haka. A 2019 aka sayar da kamfanin da ke riƙe da asalin faya-fayan Taylor Swift guda shida na farko, ba da son ranta ba. Sai mawaƙiyar ta Amurka ta koma ɗakin ɗaukar murya ta sake rera huɗu daga cikinsu tsakanin 2021 da 2023, ta roƙi masoyanta su saurari sababbin. Suka kuwa saya, duk da cewa waƙoƙin da suka riga suka mallaka ne. A 2025 ta sanar da cewa ta saye kayanta gaba ɗaya. Ko mutum yana jin waƙoƙinta ko ba ya ji, darasin a fili yake: mai fasahar da jama'a ke riƙe da shi yana iya ja da masu kuɗi.

To mu fa? Ƙaunar ƙwallon Turai ta kafu a Arewa ne tare da yaɗuwar tauraron ɗan'adam da gidajen kallo, kuma 'ya'yan ƙasar nan ne suka buɗe mata ƙofa. Yawancin magoya bayan Arsenal na wani tsara Nwankwo Kanu suka bi, musamman bayan ranar nan ta Oktoban 1999 da ya zuba wa Chelsea ƙwallo uku a cikin minti 15 na ƙarshe. Chelsea ita ma ta yi jama'a da zuwan Mikel Obi, haifaffen Jos, a 2006. Tun daga nan kuɗinmu ke tafiya ta hanya guda: matashi ya biya mai gidan kallo, mai gidan kallo ya biya kamfanin tauraron ɗan'adam, kamfani ya biya hukumar gasar a Ingila. Muna biya ke nan, amma ranar da za a yanke shawara a kan ƙungiyar babu wanda zai tambayi Fagge ko Tudun Wada. Wasu ma da ransu suka biya. A watan Yunin 2014 bam ya tashi a wajen kallon ƙwallo a Damaturu ana tsakiyar gasar cin kofin duniya, mutane da dama suka rasu, bayan an kwana biyu kuma gidajen kallo suka sake cika.

A nan gida kuwa abin ya juye. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. A cikinta Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai, kuma duniya ta shaida ƙwallo biyun da ya ci Ajantina a 2014 da biyun da ya ci Iceland a 2018. Ba ta rasa masoya ba ko kusa, duk wanda ya taɓa ratsa Ƙofar Mata ranar wasa ya san haka. Amma ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, kamar yadda Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists da Plateau United suke na gwamnatocinsu. Gwamnati ke naɗa masu gudanarwa, ita ke biyan albashi, in gwamna mai son ƙwallo ne a ji daɗi, in ba haka ba a sha wuya. Tsarin ubangida ne dai ya sanya gajeren wando. Mai goyon bayan da bai gamsu da yadda ake tafiyar da ƙungiya ba, ba shi da taron da zai tashi ya yi magana, ba shi da ƙuri'ar da zai kaɗa. Ba ina wanke masu jifa da kutsawa cikin fili ba ne, laifinsu laifi ne, kuma ƙungiyar ta sha biyan tara da asarar maki saboda su, har ta faɗa ƙaramar gasa a 2022 kafin ta dawo a shekarar da ta biyo. Ina dai cewa taron da aka bar masa maƙogwaro kaɗai, wata rana hannunsa zai kai ga dutse.

Mawaƙanmu na zamani kuwa, kowa yana son waƙarsu, ba mai son biya. An fara da satar kaset, aka koma ta faifai, aka ƙare a wajen masu tura waƙoƙi cikin waya a bakin kasuwa, inda kuɗin ke tsayawa a aljihun mai kwamfuta. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gidaje a 2020, amma kowa ya tambayi kansa ko sisinsa ya isa ga mai ita. Mawaƙin da masoya ba su ciyar da shi ba yana da ƙofa biyu, gidan biki da gidan ɗan siyasa. Sa'an nan mu da muka ƙi biya mu ne kan gaba wajen cewa mawaƙan yanzu sun zama maroƙa. YouTube ya ɗan buɗe wata kafa, gaskiya ne, sai dai abin da ke fitowa daga tallan da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya bai taka kara ya karya ba.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne littafi, domin a nan muna da gado. Ƙagaggen labarin Hausa a rubutun boko da almara ya buɗe ido. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin mai neman ruwan magani har cikin duniyar aljanu, da Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya fito daga yaƙin Turawa ya zarce ƙasashen da ba na mutane ba. A 1937, shekarar da Tolkien ya fitar da The Hobbit a Ingila, a ita aka fara fitar da Magana Jari Ce a Zariya. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya, a 1969 kuma Umaru Dembo ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Abin lura kuma, waɗannan marubuta su kansu masoyan labaran wasu ne. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, Iliya kuwa asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne, amma suka yi musu wankan da ba mai cewa ba a gidan aka haife su ba. Don haka ba na cikin masu ɗaga hankali don yaro ya rungumi littafin Bature. Iyayen da ke damuwa da sihirin da ke ciki, damuwarsu abar saurare ce, maganinta kuma su karanta tare da yaran su tattauna, kamar yadda aka yi mana da labaran bokaye da 'yan bori na cikin littattafan makarantarmu.

Littafin Harry Potter na farko kwafi 500 kacal aka buga masa na bango mai tauri a 1997, bayan kamfanoni da dama sun ƙi karɓarsa. Yara ne suka yi ta ba juna labari har jerin ya haura kwafi miliyan 500. A Kano ma an yi makamancin wannan, gwargwadon ƙarfinmu. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu, mata da 'yan makaranta suka riƙa saye da haya, ba tallafin gwamnati, ba na jami'a. A cikin wannan kasuwa ne littattafan yaƙi da aljanu irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka tara samari masu jiran fitowar kashi na gaba kamar jiran albashi. Mu 'yan boko me muka yi? Muka laƙaba wa abin suna adabin kasuwa, muka ɗage hanci. Mutanen da suka fi kowa iya sayen littafi, suka fi kowa iya gyara rubutu da ɗab'i, su suka tsaya a gefe. Yau marubuta da yawa sun koma WhatsApp suna sayar da labari babi-babi, a can ma wanda ya saya sai ya watsa wa dubu kyauta. A can ƙetare kuwa Nnedi Okorafor ta ci babbar kyautar almara ta duniya a 2011, Tomi Adeyemi ta yi kasuwa a 2018, dukansu da kayan gargajiyar Afirka.

Ban manta da ɓarnar da ke biyo sha'awa in ta wuce gona da iri ba. Cacar ƙwallo ta cinye jarin samari ba adadi, kuma a 2009 a Jihar Ribas wani mai goyon bayan Manchester United ya afka wa masu murnar nasarar Barcelona da mota, mutum huɗu suka mutu. Wannan hauka ne, a kira shi da sunansa.

Abin da nake nema a wajen abokaina masu ɓoye rigar Arsenal a ƙarƙashin babbar riga ba mai yawa ba ne. Kada su bar Arsenal ɗinsu. Amma lauyan cikinsu zai iya rubuta tsarin mulkin ƙungiyar magoya baya mai rajista, akantan cikinsu ya riƙe mata littafin kuɗi, a sayar da katin zama mamba na shekara, a nemi kujera a hukumar gudanarwar Pillars ko Katsina United da hujjar kuɗin da aka tara. An taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. A 2005, da iyalan Glazer na Amurka suka sayi Manchester United suka ɗora mata bashi, wasu magoya bayanta suka fice suka kafa tasu ƙungiyar mai suna FC United, suka fara daga can ƙasan gasannin Ingila. A 2015 suka buɗe filin wasa nasu na kansu, kuma a tsarinsu kowane mamba ƙuri'a ɗaya yake da ita, ko nawa ya zuba.