Daga Dutse Zuwa Yankari: Shirin Mai Tuƙa Kansa Kallon Namun Daji

Kalmar safari, wadda Turawa suka ara daga Sawahilanci, tushenta ɗaya da kalmar safara ta Hausa, domin dukkansu daga Larabci suka fito da ma'anar tafiya, sai dai a yau ana nufin tafiyar da ake yi cikin gandun daji don kallon namun dawa a inda suke rayuwa. A wasu ƙasashe maziyarci na iya shiga da motarsa shi kaɗai, kamar a gandun Kruger na Afirka ta Kudu, inda aka shimfiɗa kwalta aka kafa alluna, aka kuma ƙayyade gudu kada ya wuce kilomita 50 a awa guda. Mutumin Dutse da ke son gwada irin wannan tafiya karon farko ba shi da gandun da ya fi masa dacewa kamar Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, amma tsarin can ya sha bamban.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Hanyar da ta fi sauƙi daga Dutse ita ce a bi ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, a ɗauki titin Gombe, a karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki. Wanda ya yi sammako bayan sallar asuba zai isa da sauran rana, kuma ya kamata ya cika tanki a Bauchi, domin bayan ƙofar babu gidan mai, babu mai faci.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne lokaci. Da damina ciyawa kan fi mutum tsawo, ruwa kuma ya wadata a kowane kwari, saboda haka dabbobi sukan watsu, hanyoyi su zama taɓo. Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, wato daga Fabrairu zuwa Afrilu, tafkuna sukan ƙafe, ƙishirwa ta tilasta wa ɓauna da gwanki da kanki da gadu gangarowa kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa, kuma a nan ne ake sa ran ganin giwaye, waɗanda garkensu yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Ganinsu dai sa'a ce, domin giwa kan yi tafiya mai nisa a dare ɗaya, kuma sau da yawa abin da baƙo zai tarar shi ne ɗanyen kashinta a tsakiyar hanya da rassan da ta kakkarya.

Ƙaramar mota za ta iya kai mutum Wikki, amma hanyoyin kallo na yashi da burji sai mota mai tsayi da ke ja da ƙafa huɗu, irin Hilux. Kafin a tashi ya kamata bakanike ya duba lagireto da fambel da birki, a tanadi safaya mai iska da jak da jarkar ruwa, domin zafin bazara kan tona asirin injin da aka daɗe ana lallaɓawa a cikin gari. Ba a barin baƙo ya kutsa hanyoyin nan ba tare da ɗan jagora na gandun ba, kuma wannan doka gata ce ga sabon shiga, ganin cewa jagoran ne ke karanta sawu, shi ne kuma zai ce a kashe inji ko a ja da baya idan giwa mai ɗa ta buɗe kunnuwa ta fuskanci mota. Ana fita da sassafe ko bayan la'asar, a yi tafiya sannu, ba oda, ba saukowa.

A sansanin kuwa, gwaggon birai sun saba da mutane har sun daina jin kunya: gilashin da aka bari a buɗe ya ishe su shiga su kwashe burodi da ayaba. Ƙasa da ɗakunan kwana akwai maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta garai-garai yake fitowa daga gindin dutse da ɗumin digiri 31 dare da rana.

Wanda bai shirya doguwar tafiya ba yana da abin gwaji a gida, wato dausayin Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suke sauka da hunturu, kuma tuƙi a yashin can darasi ne mai amfani. Amma mai nufin Yankari ya tuntuɓi hukumar gandun kan masauki da kuɗin shiga, ya kuma binciki halin tsaron hanya a makon da zai tashi, kada dare ya same shi tsakanin Ningi da Bauchi.