Kafin ki kira amarya Sindarela

Satin da ya wuce an sha biki a nan Dalijan. Wata ƙawar amarya ta ɗora hotonta a WhatsApp, ta rubuta "Sindarelarmu". Ita a ganinta yabo ne, ga doguwar riga, ga takalmi mai ƙyalli, sak fim ɗin Disney na 1950. To, amaryar nan a hannun matar uba ta tashi, kuma yayanta ya yi boko. Sai da manya suka sa baki.

Ga abin da ƙawar ba ta sani ba. Asalin sunan daga toka ya fito. A tatsuniyar da Bafaranshe Charles Perrault ya buga a 1697, yarinyar a bakin murhu take zama, matar uba da 'ya'yanta suna bautar da ita. Shi ya sa in Bature ya ce wance Sindarela ce, ba kyau yake nufi ba, yana nufin wadda aka wulaƙanta sannan Allah ya ɗaga ta. Har ƙungiyar ƙwallo ana kira haka. 'Yan gidan kallo za su tuna Leicester da ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, bayan kakar da ta sha da ƙyar. Kun ga ke nan, yabon amarya ya koma zargin gidan ubanta.

Finokiyo shi ma haka, ɗan icen nan da hancinsa ke tsawo in ya yi ƙarya. Aka jefe ka da sunan, maƙaryaci aka ce maka, kar ka yi murmushi.

Mu ma fa muna yi. Wa ke jin daɗi a ce masa Gizo? Ko a ce wance ta zama Ƙoƙi, mijinta na ta raina mata wayo?

Abin da ya fi ba ni mamaki, muna da tamu Sindarelar. Cikin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara a ƙasar Sakkwato, aka fara bugawa a 1911, akwai yarinyar da kishiyar uwa ke azabtarwa, kwaɗo ya yi mata kayan ado, ta bar takalmi a wurin wasa, ɗan sarki ya neme ta da shi. Ni dai da ina da kuɗin shirya fim, da wannan zan fara. Wa kuke ganin za ta iya fitowa a yarinyar?