IN KIFAYE SUN FI ƘARFIN AKWATINSU

Tun shekarar 1853, sa'ad da aka buɗe gidan kallon kifaye na farko a lambun dabbobi na birnin Landan, mutane suke sha'awar ajiye kifi cikin akwatin gilashi. Yau a gidaje da yawa akwai ɗan akwati a falo, yara suna murna da shi. Amma kifi yana girma, akwati kuwa ba ya girma. Jan kifin nan na ƙasar Sin, wanda akan sayo kamar ɗan yatsa, yana iya kai tsawon tafin hannu har ya wuce, ya kuma yi shekara 10 ko fiye in ya sami kulawa. In ruwa yana saurin gurɓacewa, ko kifaye suna haki a saman ruwa, ko suna koran juna ba hutawa, to, lokacin sāke gida ya yi.

Girman akwati

Waɗansu suna tsammani babban akwati ya fi wuyar kulawa. Ba haka ba ne. Ruwa mai yawa ba ya saurin zafi ko sanyi, dauɗa kuma ba ta saurin cika shi. Saboda haka ka sayi mafi girma da ɗakinka da aljihunka za su iya ɗauka. Ka zaɓi mai tsawo da faɗi, ba mai zurfi ba, gama ta fuskar ruwa iska take shiga.

Ga yadda ake sanin yawan ruwan. Ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su da juna, ka raba da 1,000. Akwati mai tsawon 120, faɗi 40, zurfi 50, yana cin lita 240. Lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. In an haɗa da gilashi da tsakuwa, nauyin zai kai wajen kilo 300, wato buhun siminti shida. Teburin cin abinci ba zai ɗauki wannan ba. Sai ka sa kafinta ko maƙeri ya yi masa mazauni mai ƙarfi, wanda bai karkace ba ko kaɗan, a shimfiɗa soso mai laushi a ƙarƙashin gilashin. Kada ka ajiye shi inda rana take bugawa, don gansakuka za ta rufe shi. In tsohon akwati ka saya, ka cika shi da ruwa a tsakar gida, ya kwana biyu, ka ga ko yana yoyo. Araha ba ta ado.

Kayan aiki

Na fari shi ne mataci, wato na'urar tace ruwa. Ka nemi wanda zai iya juya dukan ruwan kamar sau huɗu cikin awa ɗaya. Ga akwatin lita 240, ka nemi mai tura wajen lita 1,000 a awa.

Na biyu, famfon iska. Inda wutar lantarki takan ɗauke, ka ajiye ƙaramin famfo mai batir kusa. Ya fi amfani da bazara, gama ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa.

Na uku, hita da ma'aunin zafi. Yawancin kifayen ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 27. Da hunturu ruwa yakan yi sanyi ƙwarai da dare, balle a wuri kamar Jos. Jan kifin Sin dai yana jure sanyi, ba ya bukatar hita.

Ka kuma yi wa akwatin murfi, domin ƙura, da kifi mai tsalle, da hannun yara. Kowace waya ta sauko ƙasa ta yi lanƙwasa kafin ta hau wurin jona wuta, don ɗigon ruwa kada ya bi ta. Ka kashe wuta kafin ka sa hannu cikin ruwa.

Abin da ido ba ya gani

A nan ne yawancin mutane suke hasarar kifayensu. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba mai suna amoniya. Cikin soson mataci da tsakuwa akwai waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana. Su ne suke juya amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, sa'an nan ta zama naitiret, mai sauƙin lahani, wadda ake ragewa ta wurin sauya ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa. Wanda ya zuba kifaye cikin sabon ruwa da sabon mataci rana ɗaya, zai iya wayi gari ya iske su a mace, ruwan kuwa garau.

Maganin abin yana cikin tsohon akwatinka. Ranar ƙaura ka bi wannan tsari:

1. Ka cika sabon akwati tun kwana biyu kafin ranar, ka zuba maganin kashe kulorin, gama ruwan famfo yana kashe kifi da ƙwayoyin nan duka.
2. Ka tabbata zafin ruwan akwati biyun ya zo ɗaya.
3. Ka ɗauko tsohon soso da ɗanyensa ka sa cikin sabon mataci. In da dauɗa, ka ɗauraye shi da ruwan tsohon akwati kaɗai. Sabulu kada ya taɓa kome.
4. Ka kwashe kifaye da ɗan raga mai laushi, ka sake su a hankali.
5. Ka rage musu abinci har mako guda.

Kada ka yi ɗokin ƙara sababbin kifaye. Ka jira kamar wata ɗaya, sa'an nan ka riƙa ƙarawa biyu biyu ko uku uku. Sannu ba ta hana zuwa. Tarwaɗa da karfasa kuwa na tafki ne: suna girma ainun, tarwaɗa ma takan haɗiye ƙananan. Wanda ya yi maka yawa ka ba maƙwabci mai akwati, kada ka zuba baƙon kifi a rafi.

Daga nan sai kulawa ta kullum. Kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a sa sabo. Ka raba wa yara aikin: wannan ya ba da abinci gwargwadon abin da kifaye za su cinye cikin minti biyu, wancan ya duba ma'aunin zafi kowace safiya. Yaron da ya koyi tunawa da halittar da ba ta iya kuka ta roƙi abinci, ya koyi abin da zai amfane shi har girmansa.